Gitar da Na Goya Zuwa Tasawa

Bana ƙananan gita ake yayi a Tasawa. Ba irin manyan nan masu ƙaton ciki ba, 'yan madaidaita, waɗanda saurayi zai rataya a baya ya hau babur bai bugi kowa ba. Masu sayar da rediyo da salula na bakin tasha sun jera su a igiya kamar shanyar kaya. In ka wuce fadar samari da la'asar, shayi bisa wuta, da wuya ba ka ga ɗaya a cinyar wani ba. Da sun gaji su jingine ta ga bango, cikin rana, tsirkiyoyi a ɗaure tamau. Ni kuwa ba ni iya wucewa. Nakan tsaya in ce su kai ta inuwa, su sassauta mata kunnuwa. Su yi dariya, su ce Iya ta zama makaɗiya da tsufa. Ban zama makaɗiya ba. Na dai kashe guda da hannuna, na san yadda suke mutuwa.

Ƙauyenmu na cikin ƙasar Hawandawaki, inda mota ba ta shiga sai direba ya yi niyyar wahala. Can aka kai ni gidan wani mutum mai shiru. Ni bakina bai taɓa hutawa ba tun ina yarinya, shi kuma yakan yini bai yi magana goma ba. Mutane suka ce an haɗa daidai. Ban taɓa kiran sunanshi ba, ba kuma zan fara a takarda ba. Mu uku ne a gidan, da ni da shi da uwarshi, sai Allah ya ba mu ɗiya mace.

'Yar fari ce. Wanda bai tashi wajenmu ba sai in gaya mashi: ɗan fari abin kunya ne ga uwa da uba. Ba ka faɗin sunanshi, ba ka wasa da shi gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki kai kau da kai, wata ta ɗauka. Haka muka taras, haka na yi. Ina goya ta don dole, ina ba ta nono ina kallon bango. In ba kowa a gidan nakan sa hancina a wuyanta, amma da na ji tafiya sai in ajiye ta kamar ƙwaryar aro.

Tana shirin yaye ruwa ya ƙi zuwa. Shekarar nan hatsi bai kai gwiwa ba ya ƙone a tsaye. Sai ƙyanda ta shigo gari ta bi yara masu yunwa ɗaya bayan ɗaya. Tawa ta kwana huɗu. Ran na biyar da hantsi ina goye da ita ina sussukar abin da bai kai a kira shi dami ba, na ji ta yi nauyi wani iri. Surukata ta kwance ta daga bayana. Ta dube ni ta ce in haɗiye, 'yar fari ce, idon mutane na kaina. Na haɗiye. Da azahar ina daka dusa, mata na yabona, wai ga yarinya mai kunya. Shi ma ubanta ya dawo daga maƙabarta ya ɗauki igiya ya tafi ban ruwan akuya. Ko kallon juna ba mu yi ba. Majanyin da nake goyonta da shi, saƙi ne fari mai baƙin layi, na wanke na ninke na sa a ƙasan kwalla. Ban sake haihuwa mai tsayawa ba.

Bayan nan muka ji a rediyon mai gari sojoji sun karɓi mulki. Mu abin da muka gani shi ne manyan motoci da jar dawa ta agaji, wadda tuwonta ke tsaya wa mutum a maƙoshi. Maigidana ya tafi ci-rani arewa, can gaba da Agadas, ya yi damina biyu bai dawo ba. Da ya dawo ya zo da butar shayi, da turmin atamfa nawa, da wani abu cikin buhu. Na zaci abin kirki ne. Ya zaro gita, 'yar ƙarama, ja-ja, mai ƙugu. Wani Buzu da suka yi aikin gini tare ya bar mashi ita, ya kuma koya mashi.

Mu ba maroƙa ba ne. Kakanninshi manoma, nawa manoma. A garinmu mai kaɗa molo an san gidansu, an san wa yake aura. Uwarshi ta ce ya jawo mata abin faɗa, ni kuma na ɗora da nawa. Shi dai ya riƙe abarshi. In ya dawo gona ya yi la'asar sai ya zaga bayan rumbu ya zauna da ita. Ba ya waƙa. Ba ya ma buga ta da ƙarfi, sai ka matso za ka ji. Kuma ba riƙon makaɗa yake mata ba. Yakan zaunar da ita bisa cinya, ya zagaye ta da hannu, ya sunkuyar da kai har gemunshi na taɓa ta. Nakan wuce da tulu in ce a gaida sarkin makaɗan bayan rumbu, Allah ya sa akuyoyi su yi maka kari irin na maroƙa. Ya yi murmushi.

Ran da na ga abin da yake naɗe ta da shi, ran nan ne aka ji mu har maƙwabta. Majanyin ne. Ya buɗe kwallata ya ɗauka. Na ce mashi duk abin da ya zo bakina, na haɗa da wanda bai zo ba. Na ce tsumma ya ƙare a duniya ne? Ya tsaya yana riƙe da ita a naɗe, ya ce:

"Daidai da ita yake."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na ce to ya riƙe, ya haɗa da kwallar. Ban karɓe ba, don in na karɓe sai an tambaye ni dalili, dalilin kuwa ba ya faɗuwa.

Kowace shekara in sanyi ya wuce, kafin bazara ta kankama, yana da aiki guda. Sai ya zauna ya murɗa kunnuwan nan shida da ke kan wuyanta, kowane sau uku, har tsirkiyoyin su yi laƙwas. Ya taɓa yi mani bayani, ina tankaɗe, ban ɗaga kai ba amma na ji. Ya ce ita ba kamar molo ba ce. Wuyanta da jikinta manne su aka yi. In zafi ya yi yawa abin mannin yakan yi laushi, tsirkiya kuwa ja take dare da rana, ba ta gajiya. In ba a sassauta ba sai ta fizge wuyan. Sai ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi sanyi sannan ya sake ɗaure su.

Haka muka yi shekaru. Sai fari ya dawo, wanda ya fi na farko. Aka rufe iyaka ta kudu, inda mazanmu suka saba tsallakawa su samo abin sawa a baki. Dole ya sake yin arewa. Lokacin ana ta faɗin cewa a shingayen hanya masu kaki na tsare duk wanda suka gani da gita ko kasat na waƙoƙin arewa, su tafi da shi tambaya, wani a daɗe ba a gan shi ba. Ban san iyakar gaskiyar abin ba, amma kowa ya ji tsoro. Ya ce ba zai tafi da ita ba.

Da sanyin safiya ya tashi, lokacin sanyi bai gama fita ba. Ya rataye ta ga turken da ke bangon ɗakina, cikin majanyinta. Ya ce yanzu in ya sassauta da wuri wuyan na iya komawa baya, in bari sai zafi ya fara. Kowane kunne sau uku, ta wajen hannun hagu.

Rumbu ba ko zangarniya. Tsohuwa na tari a ɗaki. Na dube shi na ce:

"Za ka bar ni da uwarka da rumbu wayam, wasiyyarka kunnen gita? Ko ruwa ban ba ta."

Ya ce, "Ba ta shan ruwa. Sau uku dai."

"Ka tafi, Malam, rana na yi."

Ya ɗauki buhunshi. Ban raka shi ko ƙofar gida ba. Ina ji yana sallama da tsohuwa, ina kankare tukunyar da ba a dafa komai cikinta ba.

Wanda bai ga wannan bazarar ba ba zan iya nuna mashi ita a takarda ba. Mun jiƙa 'ya'yan anza na daji kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Mun ci ganyen jiga har bakinmu ya yi kore. Na bi mata muka tona gidajen tururuwa muna kwashe 'yan ƙwayoyin da suka tara, muna sheƙewa. Akuya ɗaya ta rage mana, ita ke ba tsohuwa ɗan abin da za ta jiƙa maƙoshi. Da ciyawa ta ƙare ƙaf na hau na fara zare bunun rufin ɗakina ina ba ta. Kowa haka ya yi. Kullum rufin na raguwa, har ya zama daga hantsi zuwa la'asar rana na shigowa ɗakin kai tsaye, tana sauka daidai bangon da gitar take.

Kada mai karatu ya yi mani uzuri ya ce yunwa ta mantar da ni. Ban manta ba. Kullum ina ganinta. Nakan shigo da jiri in dube ta in ce, ke ma ki ji abin da muke ji. Aikin bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Har hannu na taɓa kaiwa, na janye. So nake ya dawo ya taras da ita yadda ya bar ta, ya tambaya, in ce ban samu sukuni ba, ina neman abin da uwarka za ta ci. Na shirya maganar tsaf, har da yadda zan riƙe ƙugu.

Wata azahar ina tsakar gida na ji ƙara daga ɗaki kamar an harba bindiga. Akuya ta zabura. Tsohuwa ta yi salati. Na shiga na taras da jikin a ƙasa cikin majanyi, wuyan na lilo ga turke, tsirkiyoyi sun riƙe su kamar hanji.

Na tsaya. Duk maganar da na shirya ta tafi. Abin da ya zo mani kawai shi ne fuskarshi in ya buɗe majanyin. Ba zai yi faɗa ba, na sani. Da zai yi faɗa da na ji daɗi.

Aka ce akwai kafinta a Tasawa da ke gyaran kujerun ma'aikata, ba abin da bai iya mannewa. Na bar tsohuwa hannun maƙwabciya. Na kwance tsirkiyoyin na naɗe, na sa wuyan cikin tabarma na naɗe na aza a kai. Jikin ne matsala, don akwai shinge a bakin gari. Ban yi dogon tunani ba. Mace mai goyo ba a bincikarta. Na aza ta a baya, na ja zane, na ɗaure da majanyin, na lulluɓa mayafi har sama.

Na ja ɗaurin a ƙirjina. Ƙugunta ya zauna daidai inda ƙafafun yaro ke zama. Shekara goma bayana bai ɗauki komai ba sai itace, amma bai manta ba. Na ji hannuna ya koma baya da kanshi yana tallabe ta.

Na kwana ɗaya a hanya, gidan wata 'yar'uwar uwata. Washegari na hau kwalta. Hanyar cike take da mutane, galibi daga wajen Mayahi da gaba, sun baro garuruwansu da tukwane a kai, suna bin labarin rabon hatsi. Ba mai magana da wani. Muna tafe, rana ta take, sai na ji an taɓa mani gwiwar hannu. Wata tsohuwa ce, doguwa, ƙafarta duk faso, ba ta da kaya sai buta. Ta yi ƙasa da murya don kada na kusa su ji.

"Ɗiyata, tun ɗazu nake bayanki. Bai motsa ba."

Na ce barci yake.

Ta yi 'yan taku tare da ni. Ta ce, "Na goya tara, na binne shida. Na san bayan da ke ɗauke da mai barci. Ki sauke shi, ɗiyata. Ga maza nan, za su taimaka. Ba laifinki ba ne."

Na buɗe baki in ce mata katako ne, in ma haɗa da baƙar magana, don ni ba a rasa ni da ita. Abin da ya fito ba magana ba ce. Na durƙushe nan gefen kwalta, tabarma ta faɗi. Kukan da aka ce in haɗiye ran da nake daka dusa, ashe yana nan inda na ajiye shi, bai rage ba. Na yi shi da ƙarfi, baki buɗe, gaban baƙi. Na kira sunan ɗiyata, wanda ban taɓa faɗi da ƙarfi ba ko tana da rai. Tsohuwar ta tsuguna ta riƙe kaina. Ta tambaye ni na fari ne? Na ce na fari ne. Ta ce in yi abina, nan ba wanda ya san ni.

Nan a ƙasa na gane abin da mutumin nan yake yi bayan rumbu shekara da shekaru, ina wucewa da tulu ina yi mashi ba'a. Shi ma an hana shi. Ya dai samo abin da zai zaunar a cinya ba a ce ya yi rashin kunya irin waccan ba, ya ɗauki ƙaramar kunya don ya tsira daga babba. Ya gaya mani kuwa, da bakinshi, daidai da ita yake. Ni ce ban ji ba.

Ban gaya wa tsohuwar gaskiya ba. Na ce zan kai shi cikin gari wajen dangi. Da muka iso shinge wani mai kaki, yaro ne ma, ya nuna bayana da baki. Tsohuwar ta riga ni. Ta ce, "Bar ta, ɗana, gawa ce." Ya kau da kai da sauri ya ɗaga mana hannu. A bakin kasuwa muka rabu. Ban sake ganinta ba.

Kafintan ya juya gitar, ya shinshina, ya ce wa ya bar ta a rana? Na ce ni. Ya dube ni, ya ga idona, ya koma kan gitar. Ya ce zai haɗa ta ta tsaya, amma fuskar ta tsage daga ciki, ko an ɗaura tsirkiya ba za ta ɗauki ja ba. Murya kam ta tafi. Ya manne, ya sa ƙusa biyu, na kwana biyu ina jira ta bushe. Na goyo ta na dawo.

A garinmu ba a ɓoye komai. Kafin in iso kowa ya san inda na je da abin da na kai.

Ruwa ya sauka, muka shuka irin da aka raba. Maigidana bai dawo ba. Wajen kaka wani ɗan garin maƙwabta ya kawo takarda, ya ce a wata tasha can arewa aka ba shi, hannu da hannu. Da boko aka rubuta, wani abokin aikinshi da ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya rubuta mashi. Na kai wa mushen lakwal na garinmu, wato malamin makaranta, mutumin kirki, baƙo daga yamma, wanda shi ma ya san labarin gitar kamar kowa. Ya karanta mani gaisuwa, ta tsohuwa, ta mai gari, tawa. Yana lafiya, zai ƙara gaba inda aka ce akwai aiki. Sai mushe ya ɗan tsaya, ya gyara tabarau, ya ce: maigidanki ya ce kuma in kin manta ba ki sassauta ba, ba komai, itace ne.

Na riƙe maganar nan kamar yadda ake riƙe da igiyar guga. Da ita na binne tsohuwa. Da ita na yi shekarun jira, ba takaba ba aure, don ba wanda ya zo ya ce ya ga gawarshi, ba kuma wanda ya ce ya gan shi. Takarda ba ta sake zuwa ba. Amma tsayawar nan da mushe ya yi kafin ya faɗa ta ƙi barina. Kuma ni na san mijina. Bai taɓa ce mata itace ba.

Da na komo Tasawa wajen ƙanena, furfura ta riga ta fito mani, aka buɗe karatun manya a unguwarmu. Mata na zuwa don su iya duba takardar likita ko lambar waya. Aka tambaye ni, na ce ina da wasiƙa. Malamar ta ce in kawo ta karanta mani, minti ɗaya ne. Na ce an taɓa karanta mani. Na yi shekara biyu ina zama bisa tabarma da allo, 'yan mata na gyara mani riƙon alli, ina zaginsu suna dariya. Ban buɗe takardar ba sai da na tabbata ba zan nemi kowa ba.

Da hantsi ne, gidan ba kowa. Takardar ta yi laushi, ninkin ya kusa rabewa. Na bi da yatsa. Gaisuwar tsohuwa na nan. Ta mai gari na nan. Zai ƙara gaba, yana nan. Na iso layin ƙarshe. Ba maganar mantuwa, ba itace. Ga abin da ke wurin:

"Na san kin sassauta mata. Ke bakinki ne kawai."

Na karanta sau uku ko zan ga na yi kuskure. Karatuna ya yi kyau.

Ban ji haushin mushe ba. Ya dubi mace da ido a kumbure ya ba ta abin da za ta iya ɗauka. Amma da ya bar ni da nawa. Na yi shekaru ina jin an yafe mani, ashe ba a ma san na yi laifin ba. Duk inda maigidana ya kwanta, ya kwanta yana ganin na fi yadda nake.

Gitar na nan a ɗakina cikin majanyinta, da ƙusoshinta biyu. Ɗan ƙanena ya taɓa cewa in ba shi ya kai a sa mata sababbin tsirkiyoyi, yanzu irinta ake nema, tsofaffin ma sun fi daraja. Na ce ya fita mani daga ɗaki. Tsofaffin tsirkiyoyin na maida su da kaina tun dawowata daga wajen kafinta, sakwa-sakwa, ba su jan komai. Duk da haka in sanyi ya wuce nakan sauko da ita in zaunar a cinya, in murɗa kowane kunne sau uku ta wajen hagu. Kunnuwan juyawa kawai suke.